Kiristocin Nijar: Riƙon Addini da Yi wa Jama'a Aiki a Ƙasar da Ta Raba Addini da Mulki

Duk wanda ya bi babbar hanyar mota daga Birnin Ƙonni zuwa Madawa ya san garin Galmi da abu biyu, albasa da asibiti. Albasar ta manoman wurin ce. Asibitin kuwa ƴan mishan na ƙungiyar SIM ne suka buɗe shi cikin shekara ta 1950, kuma har yau Kiristoci ne ke riƙe da shi. Amma mafi yawan masu zuwa neman magani Musulmi ne, daga Adar, da Gobir, da Arewa, har da waɗanda ke ƙetaro iyaka daga Najeriya.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum sama da miliyan 17 a Nijar. Kashi 99 cikin 100 Musulmi ne, Kiristoci kuwa ba su kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. To, yaya jama'a ƙanƙanuwa haka, wadda ba ta da sarauta, ba ta da rinjaye wurin zaɓe, kuma gwamnati ba ta ɗauke da nauyinta, ta ke riƙe addininta, ta kuma yi wa maƙwabta aiki ba tare da ɗayan ya cinye ɗayan ba? Tambayar ta shafi Kiristoci, ta kuma shafi magabata, domin takardar izinin gina majami'a da umurnin tsare ta ranar fitina duk daga hannunsu su ke fitowa.

Raba addini da mulki iri biyu ne

Daga Faransa muka gaji wannan ƙa'ida, wadda Faransawa ke kira layisite. Dokarsu ta ran 9 ga Disamba 1905 ta lamunce wa kowa ƴancin bin abin da ya gaskata, ta kuma ce gwamnati ba ta ɗauki wani addini ya zama na hukuma ba, ba ta biyan limamai albashi, ba ta ba da kuɗin ibada. A can, bayan an raba addini da mulki, sannu a hankali jama'a da kanta ta yi ta janyewa daga majami'u. Wani bincike da ma'aikatar ƙididdigarsu, watau INSEE, ta yi a 2019 da 2020 ya nuna cewa cikin masu shekara 18 zuwa 59, kashi 51 cikin 100 sun ce ba su da addini, kashi 29 ƴan Katolika ne, kashi 10 kuma Musulmi. Saboda haka abin da ke damun ikilisiya a Faransa shi ne halin ko-in-kula. Abin da ya riƙe sunanta a idon wanda ba ya zuwa ibada shi ne aikinta: ƙungiyar agaji ta Secours Catholique da aka kafa a 1946, da makarantun Katolika masu ɗauke da yara wajen miliyan 2. Abin da ya fi zubar mata da mutunci kuwa daga cikin gida ya fito. Rahoton kwamitin Jean-Marc Sauvé na watan Oktoba 2021 ya ƙiyasta cewa yara 216,000 ne limamai da ƴan zuhudu suka yi wa lalata tun daga 1950. Babu wata dokar gwamnati da ta taɓa yi wa ikilisiyar ɓarna kamar wannan.

A ƙasarmu al'amarin dabam ne. Tsarin mulki na 1960 ya yi amfani da kalmar nan ta Faransanci. Bayan babban taron ƙasa na 1991 ƙungiyoyin Musulmi suka nuna ƙyamarta, don suna ganin tana nufin ƙasa marar addini, sai tsarin mulki na 1992 ya sauya ta da “raba gwamnati da addini”. Na 2010 ya bi wannan sawu, ya kuma tabbatar da cewa ƙasa tana girmama kowane addini tana kuma kare shi, kuma babu addinin da zai riƙe mulki ko ya tsoma baki cikin sha'anin gwamnati. An dakatar da wannan tsarin mulki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma maganar da ya ɗauko ba ta gushe ba, tun da Musulmi da Kirista ba su daina zama unguwa ɗaya ba. A nan gwamnati ce aka raba da addini, jama'a kuwa na nan riƙe da shi sosai. Ke nan Kiristan Nijar ba ya fama da mutanen da suka mance da Allah. Jarrabawarsa ita ce zama ɗan ƙasa cikakke tsakanin masu ibada da yawa waɗanda ba su bin tafarkinsa, waɗansunsu ma suna ɗaukar addininsa kayan baƙi ne.

Hanya biyu da aka bi

Ƴan mishan na SIM sun shigo daga Najeriya, suka sauka Damagaram a 1924, sa'an nan Tsibiri ta kusa da Maraɗi kafin 1930. Mafi yawansu masu jin Ingilishi ne, saboda haka Turawan mulki na Faransa ba su saki jiki da su ba. Su kuma suka sa wa'azi gaba da kome, suka yi aiki da Hausa. An gama fassara Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932, kuma da yake tilas mai bi ya iya karanta shi da kansa, sai koyon karatun boko da Hausa ya zama aikin kowace ƙaramar majami'a, tun gwamnati ba ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci ba. Bayan Galmi suka buɗe asibitin kutare na Danja a 1956, lokacin da mai wannan ciwo ba shi da wurin zuwa. A 2012 aka ƙara wa Danja sashen yi wa mata aikin yoyon fitsari.

Wannan hanya ta haifi ikilisiya mai magana da harshen ƙasa, wadda fastocinta Gobirawa ne, da Katsinawa, da Arawa. Amma tana da nata aibi. Mishan ta daɗe tana ƙin buɗe makarantun Faransanci, don tana tsoron kada ilmin zamani ya janye yara zuwa neman duniya. Da aka sami ƴancin kai a 1960, sai ƴaƴan masu bi da yawa suka tarar ba su da takardar shiga aikin gwamnati. Wannan ƙorafi ya daɗe yana cin ikilisiyar EERN, wadda aka kafa a lokacin samun ƴancin kai, kuma wajen 1990 rigimar shugabanci ta raba ta gida uku.

Ƴan Katolika sun bi wata hanya. Sun kafa mishan a Yamai a 1931, aka ba Yamai bishop a 1961, Maraɗi kuma a 2001. Da farko mabiyansu galibi ma'aikata ne daga Dahomai, da Togo, da Haute-Volta. Shugabanninsu suka zaɓi su rage wa'azi a fili, su ƙarfafa makarantu da ɗakunan shan magani. Makarantun mishan na Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da kwalejin Mariyama da ta Isa Beri, sun yaye dubban yara waɗanda mafi yawansu Musulmi ne, suka shiga Musulmi suka fita Musulmi, da yawa kuma suka zama manyan ma'aikata. Ƙungiyarsu ta agaji, CADEV, tana aikin rijiyoyi, da bankunan cimaka, da ciyar da yara masu tamowa. Aibin wannan hanya shi ne an daɗe ana ganin ikilisiyar ta baƙi ce. Sai a 2014 aka naɗa ɗan ƙasa na farko, Laurent Lompo, Bagurme daga yankin Makalondi, babban bishop na Yamai.

Ga darasin da ke ciki. Ikilisiyar da ta tsare imani ta yi sakaci da makaranta ta bar ƴaƴanta a baya. Wadda ta tsare makaranta ta yi shiru da bakinta kuwa ta daɗe ba ta yi saiwa a ƙasa ba. Yau kowane ɓangare ya koma yana cike giɓinsa: majami'un bishara suna gina makarantu, ƴan Katolika kuma suna ibada da Hausa, da Zabarmanci, da Gurmanci.

Abin da sassaben zamani ya koyar

Aikin mishan da ya fi kowane taɓa rayuwar manomi a ƙasar Hausa ba shi da alaƙa da ginin majami'a. A 1983 wani ma'aikacin SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa ƴan tsire-tsiren da manoma ke sarewa lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka bari, aka sassabe sauran, cikin ƴan shekaru sai itace ya tashi ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Wannan shi ne sassaben zamani. Manoma ba su karɓa ba da farko, domin a wancan lokaci gona mai tsabta ita ce marar itace, kuma itace na hukumar gandun daji ne, wanda ya sare shi ana iya cin sa tara.

Da yunwar 1984 ta zo, wadda mutane ke kira El Buhari, mishan ta raba hatsi a ƙauyuka da sharaɗin kowa ya bar itatuwa a gonarsa. Aka bar dubban ɗaruruwa. Da rabon hatsi ya ƙare, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga amfanin abin: iska ta daina binne shuka da rairayi, ga itacen girki, ga abincin dabbobi, ga ƴan kuɗi lokacin rani. Maƙwabta suka gani da idonsu suka kwaikwaya, ba wanda ya ba su ko tiya ɗaya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa daga baya dabarar ta game hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Manoma Musulmi ne suka yi mafi yawan wannan aiki, a gonakinsu, don amfanin kansu.

Abin da aka saya da hatsi, ran da hatsi ya ƙare shi ma ya ƙare. Haka ya ke ga itace, haka ya ke ga addini. Mutumin da ya shiga majami'a don buhun gero zai fita ran da aka daina rabo, ya bar wa ƴan'uwansa zargin cewa Kirista na sayen talaka da abinci. Wannan zargi shi ne guba mafi muni ga ikilisiya ƙarama. Gaskiya ne a zamanin farko an haɗa magani da wa'azi sosai, kuma da yawa cikin masu bi na farko marasa lafiya ne, ko marayu, ko yaran gidan ƴan mishan. Amma ikilisiyar da ke son a amince da ita yau, tilas ta raba abu biyun nan a fili. Mai ciwo ya sami magani ko ya saurari wa'azi ko bai saurara ba. Yaro ya sami karatu ba tare da an taɓa addinin iyayensa ba. Mai bi kuma ya faɗi abin da ya gaskata in an tambaye shi, bai ɓoye ba, bai zagi na wani ba. Ta haka ne kawai aikin ke zama shaida, imanin kuma ya tsira daga zama ciniki.

Janairu 2015

Sai dai kada a ɗauka aikin alheri kaɗai ya isa garkuwa. Tun daga 1991, da aka buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi da gidajen rediyo masu zaman kansu, wa'azi ya yawaita ta kowane ɓangare, sababbin majami'u suka shigo daga Najeriya da wasu ƙasashe, murya ta ƙara zafi. A watan Nuwamba 2000, lokacin boren ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, an ƙone wata majami'a a Maraɗi. Mafi muni ya zo ran 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da ran 17 a Yamai, bayan jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen da ya ɓata wa Musulmi rai ƙwarai. Mutum 10 suka rasu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone, da gidan marayu, da makarantar Kirista. A Damagaram ɗaruruwan Kiristoci suka kwana a barikin soja. Gwamnati ta sa makokin kwana uku, shugaban ƙasa Mahamadu Isufu kuma ya yi tir da abin, ya ce masu wannan ɓarna ba su fahimci Musulunci ba.

Kiristocin Nijar ba su da hannu ko kaɗan cikin wata jaridar birnin Paris, wadda ta sha yi wa addininsu ba'a su ma. An far musu ne don a idon masu boren Kirista da Bafaranshe abu ɗaya ne. Wutar kuma ba ta bambanta ɗakin ibada da ajin makaranta ba. Shekaru da dama na koyarwa da jinya ba su hana abin faruwa ba. Amma sun yi amfani ta wata fuska: a unguwanni da yawa maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye iyalan Kirista cikin gidajensu, waɗansu suka tsaya bakin ƙofa suka kori masu ɓarna. Wanda ya yi haka ya yi ne don ya san mutanen, ya ci abinci da su, ya je sunan ƴaƴansu. Shugabannin majami'u kuma suka fito suka ce sun yafe, ba a ji labarin ramuwa ba. Aka koma ibada ƙarƙashin rumfuna kafin a sake gini. A nan ne aka ga riƙon addini na gaske, domin yafewa da bakin wanda gidansa ke hayaƙi ta fi wa'azin shekara.

Abin ya so ya maimaitu a watan Yuni 2019, lokacin muhawarar dokar tsara sha'anin ibada. Bayan an kama wani limami da ya soki dokar, masu bore suka ƙone wata majami'a a Maraɗi, alhali kuwa ba Kiristoci suka rubuta dokar ba, kuma su ma ta hau kansu. Wannan ya nuna wani hali da ya kamata magabata su lura da shi: in fushi ya tashi a kan gwamnati ko a kan wata ƙasar waje, majami'a ce ake fara huce shi a kanta, don ita ce marar ƙarfi mafi kusa.

A yammacin ƙasa kuwa, cikin jahar Tilaberi, masifar ta ƴan bindiga ce. Ran 17 ga Satumba 2018 aka sace Fada Pier Luigi Maccalli a ƙauyen Bomoanga, sai a watan Oktoba 2020 aka sako shi a Mali. A watan Mayu 2019 an kai hari mishan ta Dolbel, aka raunata limaminta. Ƙauyuka da yawa sun watse, majami'u da makarantu sun rufe. Waɗannan ƴan bindiga ba su ƙyale masallaci ba: ran 21 ga Maris 2025 sun kashe mutum 44 a masallacin Fambita, cikin gundumar Kokoru, ana sallar Jumma'a. Wanda ya ga wannan ya san tsaron majami'a da tsaron masallaci aiki ɗaya ne.

Nauyin kowa

A kan majami'u akwai nauyi. Na farko, tsabtar gida. Abin da ya faru a Faransa gargaɗi ne ga kowace ikilisiya da ke riƙe da yara, marayu da marasa lafiya; ɓoye laifin shugaba don tsare suna shi ne ke kashe sunan. Kuɗin da ke shigowa daga waje su ma a san hanyarsu, a san inda suka tafi. Na biyu, tsare harshe. Mai wa'azin da ya ɗauki lasifika ya aibanta abin da maƙwabtansa ke girmamawa, ya jawo wa dukan masu bi abin da ba su shuka ba. Ƙawancen majami'un bishara na AMEEN da shugabannin Katolika su ne suka fi cancanta su tsawata wa irinsa tun hukuma ba ta shigo ba. Na uku, dogaro da kai. Ikilisiyar da likitanta, da malaminta, da kuɗinta duk daga waje su ke zuwa, ba za ta rabu da sunan baƙuwa ba, kuma ran da baƙin suka tafi aikin ya tsaya. Horar da likitocin fiɗa ƴan Afirka da ake yi a Galmi yana kan wannan hanya.

A kan magabata ma akwai nauyi, kuma shi ne mafi girma, domin ƙarfi na hannunsu. Raba addini da mulki ba ya nufin hukuma ta naɗe hannu ta zuba ido. Yana nufin ma'auni ɗaya ga kowa. Mai neman fili ko izinin gini a duba takardunsa da sharaɗin da aka duba na waninsa. Yaron makaranta da ma'aikacin gwamnati kada sunansa ya hana shi abin da ya cancanta. In labarin bore ya iso, a kai jami'an tsaro wurin da aka san za a fara taɓawa, tun kafin hayaƙi ya tashi. Wanda ya ƙone wurin ibada kuma a kai shi gaban alƙali, domin yafewar wanda aka zalunta ba ta ɗauke wa hukuma aikinta ba. Kwamitocin tattaunawa tsakanin addinai da ke jahohi su riƙa zama lokacin lafiya, don malami da fasto su san juna tun ba a shiga uku ba. Sarakuna da masu unguwanni a sa su ciki, tun da su ne suka san gidan kowa.

Ga sauran jama'a kuwa, ƴan'uwa masu karatu, haƙƙin maƙwabci abu ne da iyayenmu suka sani tun kafin a rubuta tsarin mulki, kuma addinan nan biyu duk sun yi horo da shi. Ƙasar da mutum 1 cikin 300 zai tafi wurin ibadarsa ya dawo gida ba da tsoro ba, ita ce ƙasar da sauran 299 za su kwana da kwanciyar rai. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.